Shayin Abarci a Ƙofar Shagon Sa'adu

Abarci mai gyaran kilim, Allah ya ji ƙansa, tun yana yaro baƙon dauro ya tafi da hancinsa. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. Duk Dakoro an san haka, har matarsa Uwale takan ce ita ce matar da ta fi kowa hutawa, ko miya ta ƙone maigida ba zai sani ba sai ya kai baki.

Shekara talatin ya yi a rumfarsa ta bakin tasha yana gyaran firigo, wato firji, da kilim ɗin motoci, wato abin da ke kawo sanyi a ciki. Kusa da rumfar akwai teburin amininsa Mahamman mai shayi. Duk tukunyar gaz da aka kawo, Abarci ba ya taɓa ta sai ya ɗaga murya: "Hancina! Taho ka yi aikinka." Mahamman ya ajiye buta ya zo, a ɗan murɗa bakin tukunyar ya shinshina. Gaz ɗin kilim na gaskiya ba shi da wari, ba ya kuma cin wuta. Na girki kuwa ɗoyinsa sai ya kore ka daga ɗaki.

"Lafiya lau," in ji Mahamman. "Kai dai ne ke warin baƙin mai, tsoho."

"To ai ni ban ji ba, damuwarka ce."

Da tsohon gaz ya ɓace daga kasuwa, masu tsofaffin motoci suka rasa yadda za su yi. Abarci ne ya fara koyon sauya su zuwa sabo. Ba ya gaggawa. Ya wanke tsohon man da ke cikin bututu tas, don ba ya jituwa da sabon gaz, ya canja zobban roba, ya zuƙe iska, sannan ya ɗura, kuma ba ya cikawa kamar na da. Motar da ta bi ta hannunsa, in ka shiga a tsakiyar bazara sai ka nemi mayafi.

A bazarar bara Yakubu dillalin shanu ya kawo tsohuwar motarsa daga Korahane. Mahaifiyarsa ba ta da lafiya, yana kai ta Maradi kowane wata, zafin hanya yana sumar da ita. Abarci ya sayo tukunya biyu a shagon Sa'adu mai kayan mota, wanda ke shafa jan fenti a wuyan tukwanensa don a riƙa mayar masa da su in sun ƙare. Ranar kuwa Mahamman ya tafi Kornaka gaisuwar mutuwa. Abarci ya dubi teburin shayi a rufe, ya yi jim. Sa'adu, wanda ya biyo shi da tukwanen, ya ce, "Haba Baba, ni zan ba ka abin banza?" Abarci kuma ya tuna tsohuwar da ke jiran mota, sai ya ɗaura tiyo.

Injin yana aiki, ya sassauta bakin tiyon don iska ta fita kamar yadda ya saba. Wuta ta tashi bal. Ta ci gaban motar, ta ci hannuwansa biyu, ya shaƙi abin da ya shaƙa.

Wata biyu ya yi a asibiti a Maradi. Ya dawo yatsunsa a manne, ƙirjinsa yana kuka in ya ja numfashi. Allah sarki, mutumin da ke zare ƙaramin noti ido rufe, sai ga shi Uwale ce ke ba shi fura a baki. Duk wannan ya jure. Abin da ya hana shi sakat shi ne maganar da Sa'adu ya baza a tasha, cewa tsoho ya rikice, ya zuba sabon gaz a kan tsohon mai, bai iya aikin zamani ba. Mutane suka ɗauka. Yakubu ko dubiya bai zo ba.

"Hancina," in ji shi wata safiya, "tukunya ta biyu tana ƙarƙashin benci. Ɗauko."

Mahamman ya ɗauko, ya murɗa, ya kai hanci. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula yana kuka.

"Da ina nan..."

"Bar kuka. Na girki ne ko?"

"Na girki ne, wallahi."

"To share ido. Mu kai ta wurin Na'Allah mai walda, shi haɗa mata bakin murhun girki."

Uwale ta ce a kai wa jandarma kawai. Abarci ya ce jandarma za su zo daga baya. A gaban mutane aka ɓata shi, a gaban mutane zai rama.

Ranar kasuwa da hantsi, lokacin da direbobi suka cika shagon Sa'adu, aka sauke Abarci daga amalanke. Mahamman ya shimfiɗa masa tabarma daidai ƙofa, ya girke tukunyar, jan fentin yana kallon jama'a. Ya ɗora buta.

Sa'adu ya fito yana yaƙe. "Baba, sannu da jiki. Mi ya kawo ka cikin ranar ga?"

"Shayi na zo dafa maka, ɗana. Wagga tukunya ta wa ce?"

Wani direba ya ce, "Tashi ce mana, ga fentin nan."

"Ku direbobi, gaz ɗin kilim yana cin wuta?"

"Ba ya ci!"

"Hancina, ƙyasta."

Mahamman ya ƙyasta ashana. Shuɗiyar wuta ta zagaye gindin buta, tana huci lafiya lau kamar a madafar gidan biki. Wurin ya ɓarke da hayaniya. Wanda aka ɗura wa gaz shekaranjiya ya ruga ya kashe motarsa. Wani ya shiga shagon ya fara murɗa tukwane ɗaya bayan ɗaya, ɗoyi ya cika layin.

Abarci bai motsa ba sai da shayi ya nuna. Aka zuba kofin farko, mai ɗaci. Ya tallabe shi da tafukan nan nasa da suka ƙone, shayin yana zuba a rigarsa, ya miƙa wa Sa'adu.

"Sha. Gaz ɗinka ne."

Sa'adu ya durƙusa. "Baba, don Allah ka yafe mani."

"Ka san ba ni jin wari. Ka ga teburin Mahamman a rufe, sannan ka miƙo mani. Sha, na ce."

Ya sha, direbobi suna yi masa ihu. Kafin azahar jandarma suka rufe shagon suka tafi da shi.

Da la'asar Yakubu ya zo gida, ya cire takalmi tun daga zaure, ya kasa haɗa ido da Abarci. Ya ce ya sayi wata tsohuwar mota, kuma ba wanda zai taɓa kilim ɗinta in ba Malam Abarci ya zauna yana faɗin yadda za a yi ba. Abarci ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Bai ga motar ba. Bayan kwana goma sha ɗaya ƙirjin ya ci ƙarfinsa. Uwale ta roƙe shi ya yafe wa Sa'adu kafin ya tafi. Ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Na bar shi da Allah." Iyakar abin da aka samu daga bakinsa ke nan.

Direbobin tasha ne suka ɗauki makararsa, suna ƙwace ta daga kafaɗar juna har maƙabarta. Tukunyar tana wurin Mahamman. Da ita ya dafa shayin masu gaisuwa kwana uku, kuma duk wanda ya karɓi kofi sai ya nuna masa jan fentin.