Yaya Alo da Kamfanin Saman Shagon Taya

Kafin a fara kiranta Alo, yayata ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a babban asibiti. Aiki ne mai inuwa, albashi ba ya makara, ga fansho yana jiranta. Amma kusan kullum sai ta dawo gida da labarin wani da aka ce a nemo masa jini, 'yan'uwa suka bazama, kafin su dawo rai ya yi halinsa. Takan ce abin da ya fi ci mata rai shi ne jinin yana nan cikin gari, yana yawo a jikin mutane, amma ba wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

A asibitin ta haɗu da wani saurayi da kowa ke kira Injiniya. Ƙanwarsa ce ta rasu wajen haihuwa saboda rashin jini, shi ne ya ƙirƙiro wata manhaja ta waya. Masu son ba da jini za su yi rajista, in asibiti ya nema sai saƙo ya tafi ga waɗanda ke kusa masu irin jinin. Ya ce yana neman wanda ya san jini, domin shi kwamfuta kaɗai ya sani.

Ranar da ta gaya wa Baba za ta ajiye aiki, sai da ya cire tabarau.

"Su nawa ne a kamfanin?"

"Da ni mun zama biyar, Baba."

"Kamfanin da ma'aikatansa ba su cika ƙaramar mota ba? Ke, za ki saki reshe ki kama ganye."

Mijinta, malamin makaranta ne mai sanyin hali, ya ce a bar ta ta gwada. Baba ya mayar da tabaransa.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman shagon sayar da tayoyi. Warin roba na biyo ka har matakala ta ƙarshe. Teburinsu tsohon ƙyaure ne da aka ɗora kan durom biyu, fankar kuwa in ta juya sai ka rantse ƙorafi take yi. A kusurwa Dogo ke zama, shi ne mai rubuta manhajar. Ba ya magana sai abu ya lalace, shi ya sa in Dogo ya yi gyaran murya kowa sai gabansa ya faɗi.

A takarda, aikin Yaya kula da masu ba da jini ne. A zahiri ita ce mai amsa waya, ita ce mai gwada manhaja in an yi mata gyara, ita ce mai rarrashin nas-nas da suka ce ba su da lokacin danne-danne, wata rana ma ita ce mai shara. Ta zaga tashoshin mota, garejin kanikawa, kasuwanni da makarantu tana shawo kan mutane. Wani mai walda ya ce mata shi jininsa ko sauro da kyar yake bari ya taɓa. Ta yi dariya, ta zauna kan benci ta yi ta bayani har ya miƙo yatsa aka gwada. Ashe irin jinin da ake wahalar samu ne gare shi.

Sunan Alo 'yarta ce ta jawo shi. Yarinyar takan ɗauki takalmi ta kara a kunne ta ce, "Alo, wane asibiti?" Muka yi ta dariya, sunan ya bi ta har ofis. Amma dariyar da ɗan ɗaci a ƙarƙashinta, domin wayar ba ta san lokacin cin abinci ba, ba ta san ranar hutu ba. Ranar da makarantar yarinyar ta yi taron iyaye, ni na je. Mijinta yakan ce shi dai waya ya aura, matar ce ta zo a matsayin gyara.

Duk da haka ban taɓa ganin Yaya da haske a fuska irin na shekarun nan ba. Wata rana ina ofishin na kai mata abinci, sai ga wata mata ta hawo matakala tana haki, da jariri a hannu. Ta tsaya tana duban ƙyauren da durom ɗin.

"Nan ne wurin masu jini?"

"Nan ne," in ji Yaya.

"Na ɗauka wani ƙaton bene zan gani." Ta miƙa mata jaririn. "Riƙe shi. An ce da ba ku turo mutum ba, da ni da shi ba mu kai labari ba."

Dogo ya juya ya fuskanci bango, wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Cikin waɗanda suka fi dogara da su akwai wani tela mai 'ya mai ciwon sikila. Auta ake ce mata, ba ta wuce shekara tara ba, kuma jininta irin na mai walda ne, nasa uban bai dace da ita ba. Duk sa'ad da ciwon ya tashi, tela ya kira, Yaya ta danna, cikin ɗan lokaci wani ya isa asibiti. Auta ta saba da ita har takan karɓe wayar ta ce, "Anti, yau wa za ki turo min? Ki turo mai ban dariyar nan."

Matsalar ita ce ceton rai ba ya cika aljihun kowa. Masu zuba jari suka fara tambayar ina riba. Asibitoci suka ce suna son manhajar amma ba za su biya ba. Aka ba Injiniya shawarar ya riƙa karɓa a hannun majinyata, ya ce ya gwammace ya rufe. Aka rage albashi, aka sake ragewa. Dogo ya daure har ya gaji, wani babban kamfani ya ɗauke shi. Ranar da zai tafi ya kasa haɗa ido da kowa, Yaya ce ma ta raka shi ƙasa tana cewa ba wanda ya ga laifinsa.

Daga ƙarshe masu jarin suka yanke hukunci. Manhajar ta iya nemo mutum mafi kusa, to a mayar da ita ta 'yan babur masu kai kaya gida-gida. Bayanan masu ba da jini kuwa dole a goge su, domin don jini kaɗai mutane suka bayar, ba a yarda a tafi da su ko'ina ba.

"Anti, na yi iya yina," Injiniya ya ce mata. "Ki zauna ki shugabanci masu amsa waya. In mun tsaya da ƙafarmu, wallahi zan dawo da jinin."

"Injiniya, mutanen nan fa har gobe a shirye suke su bayar. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana."

Ita ta rubuta saƙon sallama da aka tura wa duk masu ba da jinin. Ta zauna, saboda tana da iyali, ta koma amsa ƙorafin wanda takalminsa ya zo ba girman ƙafarsa ba.

Wata safiya tana ofis, tela ya kira lambarta ta kanta.

"Anti, Auta ce. Likita ya ce yanzu-yanzu, kuma asibitin ba su da irin nata. Na san kun rufe, amma ban san wa zan kira ba."

Yaya ta zari jaka ta fita ba tare da ta nemi izini ba. Babu manhaja, babu lambobi, sai fuskokin da ke kanta. Ta hau babur zuwa shagon mai walda, ta tarar an mayar da wurin shagon caji, maƙwabta suka ce ya tashi, ba su san inda ya koma ba. Ta tuna wata mai sayar da yadi, ta same ta da tsohon ciki. Ta kira wasu asibitoci, kowa ya ce babu. Ta kira ni, ta kira mijinta, muka yi ta watsa cigiya a wayoyinmu. Nata jinin ma bai dace ba, da tuni ta bayar. Sai bayan rana ta karkata ta tuna wani malamin lissafi, ta shiga har cikin aji ta fito da shi, alli a hannunsa.

Da suka isa, tela na zaune a ƙasa a barandar asibiti, takalman yarinyar a cinyarsa. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi malamin.

"Sannu, Anti. Kin sha wahala. Malam, an gode, Allah ya saka. Ta riga ta tafi."

Yaya ta ce da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Da manhajar tana nan, in ji ta, aikin da ya cinye mata yini ba zai wuce danna yatsa ba. Na ce mata kwana ne ya ƙare. Ta ce ta sani, ta kuma yarda, amma sanin bai hana ta kuka ba.

Ba ta sake hawa matakalar nan ba. Injiniya ya zo gida ya zauna a falo har ruwan sanyin da aka kawo masa ya yi ɗumi. Ba ta riƙe shi a zuci ba. Kamfanin kayan ya bunƙasa, sun koma gini mai gilashi, kuma har yau bai dawo da jinin ba. Tsohon gurbinta a babban asibiti an ba wani, sai ta samu wuri a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Ta rage surutu. Na taɓa tambayarta ko tana nadama, ta ce shekarun nan su ne mafi daɗin rayuwarta, shi ya sa ma ba ta son a tayar da zancen.

Tela ya gano inda take aiki. Duk bayan 'yan watanni yakan zo, ya naɗe hannun riga ya kwanta a gadon ba da jini. Karon farko ta tsaya da allura a hannu ta kasa matsowa.

"Ɗiba, Anti," ya ce. "Nawa bai yi wa tawa ba, amma zai yi wa 'yar wani."

Ita take ɗiba da kanta, ba ta bari wani ya taɓa shi. In leda ta cika ta danna masa auduga, ya zauna ya huta kaɗan, sannan ya koma shago.