Kwalkwalin Waldar Baba

Babanmu mai walda ne. Tun ina ƙarama yake gyaran bodin tirelolin da ke kwasar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa kudu, a wata rumfar kwano da ke bakin hanyar Fika. Abin kare idonsa wani baƙin gilashi ne da ya kafa a jikin katako, yana riƙe shi da hagu. Ba a ganin komai ta cikinsa sai wuta ta kama. Dole sai ya leƙa da idonsa ya saita sandar walda, sannan ya jawo gilashin. Sau da yawa wutar kan riga shi.

Shekarar da na fara koyar da kimiyya a sakandare, ciwon idon ya tsananta. Yakan dawo idanu jajir, hawaye na zuba, ya ce kamar an watsa masa yashi. Inna ta jiƙa tsumma ta ɗora masa. Ni kuwa na kasa sukuni. Ina aji ina bayanin haske, hankalina yana rumfar.

Mijin wata abokiyar aikina yana zuwa Kano sari, sai na roƙe shi ya sayo min irin kwalkwalin nan da gilashinsa ke yin duhu da kansa. Ranar da ya iso ban jira an tashi ba, na nemi izini na tari keke napep.

Baba ya juya shi, ya ɗaga ya hango ni sarai ta cikin gilashin. Ni ce mai sunan mahaifiyarsa, don haka ya ce, "Uwata, wannan ai fari ne. Makantar da ni za ki yi?"

Na yi masa bayani kamar ina gaban allo. Na ce gilashi biyu ne a haɗe, tsakaninsu akwai wani ruwa siriri, ƙwayoyinsa a jere suke suna barin haske ya wuce. Da wutar walda ta haska, wani ɗan ido da ke goshin kwalkwalin zai gani, ya tura lantarki, ƙwayoyin su juya su tare hanya. Na karɓi laitar mai shayin da ke gefe na ƙyasta a gabansa. Nan take gilashin ya yi baƙi, ya sake washewa.

Baba ya ce, "To na ji. Amma sai ya ga wutar tukuna yake rufewa, ko? Kafin ya rufe fa, wa ke tsaron idona?"

Na ce yana da sauri ƙwarai, ya ce wutar ma tana da sauri. Ya rataye kwalkwalin a ƙusa ya koma ga katakonsa.

Kwana uku tambayar tana cina. Na tona littattafaina na kwaleji, na bi waya ina karatu har abinci ya huce a gabana. Tsoro ma ya kama ni: idan shi ke da gaskiya fa, na kai masa abin da zai ƙarasa idon? A rana ta uku na gano. Ashe akwai wani abu da aka shafa a jikin gilashin, ba a kunna shi ba a kashe shi, kullum yana tare hasken nan mai ƙona ido wanda ba a gani. Duhun da ke zuwa daga baya na rage ƙyalli ne.

Na ruga rumfar da amsata a baki. Na tarar da shi durƙushe a gindin wata tirela, kwalkwalin a kansa, tartsatsi na tashi. Mai shayin ya ce tun jiya ya saka, da gilashin katakon ya faɗi ya fashe.

Da ya ɗago na fara zuba bayani. Ya ɗaga min hannu. "Bari, uwata. Zo ki ga." Ya nuna min layin waldar, santal kamar ɗinkin keke. Ya ce tun da ya fara sana'ar nan bai taɓa ganin inda sandarsa ke sauka ba sai jiya. Duk da haka na tilasta masa ya saurari amsar har ƙarshe, yana ta murmushi.

Da damina ta kama na kai shi asibiti. Likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi, sai dai a lallaɓa na dama. A hanyar dawowa ina ta lissafin shekarun da na yi ina kallonsa ban motsa ba. Shi kuwa ya sa mai keken da muka hau ya sauke shi a rumfa, wai akwai motar da ya yi alkawarin sallama kafin ranar kasuwa.