Mariƙi Don Yatsu Uku

Ran kasuwar Isa, Labbo mai kanwa yakan baje kayansa daura da wata tsamiya. Yau akwai baƙo a gindinta: wani siririn dattijo mai tsagar Gobirawa, sandunan fatsa na gora jingine a bayansa. Labbo bai san sunansa ba, amma ya kasa ɗauke ido daga kansa.

Mutumin ba ya talla. Ƙwaryar jiƙaƙƙen yumɓu ce a gabansa. Duk wanda ya taya sanda sai ya damƙa masa curi, ya ce ya matse. Shatin yatsun nan yake bi ya sassaƙa mariƙi, ya naɗe shi da jar fata. Tafukansa duk tabon ƙugiya ne. Labbo na zaton tsohon masunci ne da gulbi ya cinye wa gwiwoyi, ya bar masa hannuwa.

Ga wani soja da ya dawo daga yaƙin Bama yana ta kewaya wurin, hannun damansa ɓoye cikin riga.

"Hiddo shi," in ji dattijon.

Sojan ya fito da hannun. Yatsu uku suka rage.

"Baba, wanga hannu ba shi riƙe komi."

"Ba a taɓa yi mai abin riƙo ba dai. Matse."

Ya matse. Dattijon ya ɗaga curin, yana duban ramukan nan uku, sannan ya jawo wuƙarsa.

"Kasuwa mai zuwa ka taho. Kihin hwarko nawa na."

Sojan ya ratsa kasuwa, hannun a waje, ko yumɓun bai goge ba.