Furannin Daniyel a Cikin Teku

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da muka kai furannin Daniyel bakin teku ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan jiya-jiya, ku ajiye almakashi ku saurara.

Tsakiyar shekarun casa'in ne. Maigidana yana digirinsa na uku a nan ƙasar waje, muna haya a unguwar Glenwood, ni kuma ina aiki a wani shagon furanni a titin High Point, wanda yanzu aka sake wa suna. Mu uku ne: Madam mai shagon, ni mai haɗa fure, sai Daniyel direba mai kai wa mutane. Kirista ne na gaske, yana cikin mawaƙan cocinsu, ga fara'a kamar gonar auduga. Azahar na yi, kafin in duba agogo ya karɓe ni a kanta, ya ce in je in yi salla in sa shi a addu'a. Abu ɗaya muke faɗa a kai. Duk Asabar sai ya ɗaure wani dogon allo a saman mota, ya yi tafiyar awa uku da rabi, wai zai hau igiyar ruwa. Nakan ce masa mutum da hankalinsa ba ya barin ƙasa ya je tsokanar teku.

Ba ruwan ne ya ci shi ba, ciwon zuciya ne, kwana biyu a asibiti. Wallahi na yi kuka kamar ƙanena ne ya rasu.

Bayan an binne shi a McLeansville, abokan hawan ruwansa suka ce za su yi masa nasu bankwanan a teku. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai dogara sanda, ta zo ta ce a haɗa mata zoben fure. Madam ta rubuta "jana'iza" a takardar oda, ni kuwa na bi ƙa'ida: zoben ƙarfe, koren soso mai riƙe ruwa, kowane fure a ɗaure shi da waya, a liƙa ribon, wato zirin ado na leda. Na zuba basira, har ina yaba kaina.

Madam ce ta tuƙa mu, muka isa bakin teku da hantsi. Babban abokan Daniyel, wani dogo mai furfura da ake kira Rik, ya shafa zoben, ya ji wayar. Cikin ladabi ya ce wannan ba zai shiga ruwa ba. A al'adarsu ba a jefa wa teku sai abin da zai ruɓe, don waya da leda kashe kifi da kunkuru suke yi, kuma Daniyel da kansa ke bin bakin ruwa yana tsince su. Ya ƙara da cewa nan da rabin awa iska za ta taso, ba za su iya jira ba.

Tsohuwar ta dube mu ta ce, "To ni da me zan raka ɗana? Ba zan iya shiga ruwan nan ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Madam ta fara ba da haƙuri, na ce ta bar haƙurin ta miƙo min almakashi. Na zauna dirshan a yashi na warware aikina, waya tana yankar yatsuna. Na tsaga dogayen ganyen da muke jerawa a bayan zobe, na kama kitso irin wanda nake yi wa ƙannena a Zariya, ina cusa fure a kowace gaɓa. Ya fito ƙarami, a karkace, da kyar ya kai faifai.

Rik ya rataya shi a wuya, ya kwanta a kan allonsa yana tuƙi da hannu. Sauran suka bi shi, kowa da fure ɗaya a baki. Idon tsohuwar ba ya hangen nesa, sai ta kama hannuna ta ce in riƙa faɗa mata. Na ce sun wuce inda igiya ke fashewa, sun tashi zaune sun yi da'ira, sun riƙe hannun juna. Na ce sun sunkuyar da kai ana addu'a. Can iska ta fara kawo mana waƙar coci guntu-guntu, suna watsa ruwa sama suna kiran sunansa. Na ce ga shi sun saki furannin a tsakiyar da'irar.

"Zoben nawa yana ciki?" in ji ta.

Na ce, "Naki ne a tsakiya, Mama. Bai nutse ba."

Ta damƙe hannuna ta kama waƙar tare da su. Ni da ban san baiti ko ɗaya ba, hawaye kawai nake yi.

Shekara biyu na yi a shagon nan ina ganin na ƙware, ashe takardar oda nake yi wa aiki. Tun ranar ban ƙara taɓa almakashi ba sai na tambayi inda furen zai je da wanda yake aika shi. Na haɗa wa manyan garin nan zobba masu tsada, na manta da su duka. Wannan karkataccen kuwa, in na rufe ido har yau ina ganin shi yana lilo a kan ruwa.