Ranar da Na Buɗe Injin Surukina

Shekarun baya, lokacin da mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa Sabon Birni saboda 'yan bindiga, wani abokina mai walda ya taso daga wajejen Gatawa da matarsa da 'ya'yansa. An ƙone shagonsa na can. Abin da ya tsira da shi injin walda ne da ya ɗauro a bayan babur, sai awaki biyu na matarsa. Awakin nan ya sayar don ya sayi injin yankan ƙarfe na hannu, domin mai walda in ba shi da abin yanka, ko ƙyauren bayi ba zai haɗa ba. Bayan su kuwa babu sauran abin sayarwa a gidan.

Ni gyaran injina ne sana'ata, kuma ina da wata cuta tun ina yaro: ba na yarda da inji sai na ga cikinsa. Rediyon mahaifiyata ma sau uku ina kwance shi, kullum sai noti ɗaya ya yi saura a hannuna. Mutanenmu kuwa da hannu suke auna inji. A ɗaga, a jinjina, in ya yi nauyi a ce na asali ne, shi ke nan ciniki ya faɗa. Ni na sha buɗe masu nauyin, na san abin da na gani.

To, abokina ya ce in raka shi kasuwar Isa in duba masa. Sai da muka isa na gane rumfar da yake nufi. Mai sayar da injina na gwanjo, waɗanda ake shigowa da su daga Nijar ta Burkusuma, ba kowa ba ne illa mahaifin matata. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in zan gaishe shi sai na tuɓe takalmi tun daga nesa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ji abin da ke tafe da mu, ya ji labarin abokina, ya yi masa jaje sosai. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauko wani jan inji mai sheƙi.

"Ɗauki wanga, ɗana," ya ce wa abokina. "Ji nauyinai. Da ba kai ne ba, ba ni saida shi yau."

Abokina ya jinjina, fuskarsa ta washe. Aka sa a janareta, inji ya yi kuka. Kowa ya gyaɗa kai, ban da ni. Akwai wata 'yar ƙara a ƙarƙashin kukan da kunnena bai so ba, kuma nauyin duk a mariƙi yake, ba a kai ba. Na san abin da ya kamata in yi, na kuma san cewa buɗe kayan mutum a gaban rumfarsa tamkar ce masa maƙaryaci ne. Balle suruki. Na dubi abokina yana laluben aljihu, na tuna awakin matarsa.

"Baba," na ce, kaina a ƙasa, "in an yarda, za ni buɗe shi in gani."

Ya daɗe yana kallona, ina jin idonsa a ƙeyata.

"Buɗe," ya ce.

Na zaro sukundireba, don ko gidan biki ba na zuwa babu ita. Noti huɗu na kwance, murfi ya rabu. A cikin mariƙin ga guntun rodi an liƙa da gam, ba ya aikin komai sai ƙara nauyi. Na kankare wayar kwayil da bakin wuƙa, jan fentin ya fita, farin alminiyum ya bayyana a inda ya kamata a ga tagulla. Boris kuwa, wanda sandar injin ke juyawa a cikinsa, yana rawa. Wannan inji, in ya yi sati biyu yana yanka ƙarfe bai ƙone ba, a canza mini suna.

Kafin nan mutane sun taru. Surukina ya ɗauki guntun rodin ya jujjuya shi a tafin hannu.

"Haka aka saida min su," ya ce, ba da ni yake ba. Can ya turo sauran da ƙafa. "Buɗe su duka."

Na zauna a ƙasa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu sheƙin nan duk uwarsu ɗaya. Sai wani tsoho da ya kwana biyu a rumfar ba mai kallonsa, fentinsa ya koɗe, an naɗe wayarsa da roba, ga shi sakayau a hannu. Da na buɗe shi sai da na yi murmushi. Tagulla ce zalla, haƙoran giyarsa na ƙarfe ne ba su ci ba, boris daram. Kabon ɗinsa ne kawai ya cinye, ɗan gawayin nan da ake canzawa a minti biyar. Na ce wa abokina wannan za ka ɗauka. Ya dube ni kamar na zage shi, amma ya ɗauka.

Surukina ya tattara jajayen ya zuba a buhu, bai ƙara sayar da ko ɗaya ba. Kafin in iso gida labari ya riga ni.

"Gaban mutane?" in ji matata. "Ba ka iya ja nai gefe?"

Gaskiyarta. Wata biyu in na gaishe shi da hanci yake amsawa. Daga baya dai ya huce, har ya koma in kaya sun iso sai ya aiko a kira ni in duba kafin ya karɓa.

Abokina yanzu shagonsa na nan bakin hanya, kuma tsohon injin bai mutu ba. Bara ya kawo mini shi in canza kabon, muna hira na tambaye shi abin da zai yi da na yi shiru ran nan.

"Da na saye," ya ce. "In ya ƙone in ɓoye shi ƙarƙashin gado, in tahi dako a tasha. Kai dai ba ka ji ga bakina ba, don kar in haɗa ka da surukinka."

Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau. Ina ta alfahari da kunnena da sukundirebata, ashe abin da ya kusa faruwa ya fi haka. Ni zan yi shiru don kunyar surukina, shi zai yi shiru don kunyata, surukina kuma yana can da zuciya ɗaya yana ganin ya taimaki ɗan gudun hijira. Mu uku duk mutanen kirki, babu mai nufin cutar wani, kuma 'ya'yan abokina ne za su kwana da yunwa.