Cokalin Yajin Kawu Mato

Jama'a, a gyara zama, a kashe waya. Ga Mato ɗan Gado, sarkin agashen tashar Mai Wurno, mai wuƙa biyu da faranti ɗaya, wanda ƙamshin namansa ke tsayar da motar Sinnar tun direba bai taka birki ba. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma saura kaɗan bakina ya kwantar da shi.

Ya fi shekara ashirin a sana'ar. Da hantsi ya yanka nama falle-falle, ya soke a tsinke, ya birkiɗa a garin ƙuli, da la'asar ya kafa tsinkayen kewaye da gawayi. Wannan kowa ya iya. Yajinsa ne ba wanda ya iya, don ba ya awo. Matarsa, Inna Mairama, ta daka masa shatta, barkonon nan mai zafi, da citta da masoro da wasu abubuwan da ba a faɗa mini ba, shi kuwa ya yi ta haɗawa yana lasa har harshensa ya ce ya isa. Kafin karin kumallo yake yin haka, wai harshe ya fi gaskiya in ciki ba komai. Sannan ya bi da baƙin gahawa, jabana mai citta, kofi uku.

Ni Uzairu, na bar makaranta a aji bakwai saboda benci yana cizona. Na yi tallan ƙanƙara, na yi gyaran waya na kwana tara, yanzu ni kamsari ne, mai kiran fasinja a motar Sinnar. Wata rana mota ta ƙi cika, mutane sai hamma suke, na daka tsawa: "Ya jama'a, ku zo ku ga mai cin wuta!" Na cika cokali da yaji na miƙa wa Kawu. Ya harare ni, amma an riga an taru, sai ya afa. Aka yi tafi, nama ya ƙare tun kafin magariba. Daga ranar kullum sai an yi wasan cokali. In na ga ya dafe ƙarƙashin haƙarƙarinsa bayan ya haɗiye, sai in ce, "Ku duba, yana lallashin zakin da ke ciki!" A fashe da dariya. Shi ma yakan buɗe haƙora, ni kuwa na ɗauka dariya ce.

Wata Juma'a da safe na je gidansu neman shayin banza. Na tarar da shi a bayan zana, a durƙushe, yana kurɓar ruwan kanwa, gumi na zuba. Inna Mairama ta ja ni gefe.

"Wata huɗu ke nan," in ji ta. "Kamar an aza masa garwashi a ƙahon zuci. Ga ƙwayar ciwon baya da yake afawa bibbiyu daga kanti."

"Inna, ba a kai shi asibiti ba?"

"Ya hana a faɗa. Ya ce ran da anka ji yajin Mato ya ci Mato, wa za ya ƙara saye?" Ta dube ni sama da ƙasa. "Ga ka kuma da cokalinka."

Ban sha shayin ba.

Sai da mahaifiyata ta sa baki ya yarda ya shiga motarmu. Ya zauna can baya, ya ja rawani ya rufe rabin fuska, duk wanda ya gaishe shi sai ya ce tsinke za shi saye a Sinnar. A ranar ban kira fasinja da waƙa ba, har direba ya tambaye ni ko an yi mana rasuwa.

Likitar da ta duba shi sunanta Widad. Ta ce zafi a wannan wuri ba abu ɗaya ke kawo shi ba: akwai tsamin ciki da ke hawowa, akwai gyambo, akwai matsarmama, wani lokaci ma zuciya ce, shi ya sa ba a zama a gida ana shan kanwa. Ta sa aka yi gwaji. Aka sami jarsuma, wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi, ga kuma maganin ciwon bayan nan da ke ƙara cinye wurin. Ta rubuta magani na sati biyu, ta ce ko ya ji sauƙi ya shanye. Ya bar ƙwayar kanti, ya bar jabana kafin abinci, kada ya kwanta da ya gama ci. In ya ga bayan gida ya yi baƙi ko ya yi aman jini, ya dawo a ranar.

"Yaji fa, ya hakima?" Kawu ya tambayi likitar, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba shi ya haƙa ramin ba, ya hajj, amma kullum kana zuba shi a ciki. Ka bar shi yanzu. Nawa kake ci?"

"Cokali guda. Ban da na safe."

"Cokali? Wa ya aike ka?"

Kawu bai dube ni ba. Da ya duba ma da ya fi mini sauƙi.

Maganin ya karɓe shi, amma yaji ya lalace. Ya haɗa da ido, ba lasa, kuma ido bai san gishiri ba. Ran farko mutane suka ci suka biya suka tafi. Ran na uku Mukhtar direba, wanda ya shekara goma yana cin agashensa, ya ajiye rabin tsinke ya ce, "Mato, yau mi ya faru?" Kawu ya ce shattar bana ce ba ta da kyau, ya sunkuyar da kai yana fifita wutar da ba ta bukatar fifita. Ina jikin ƙofar mota ina kallo, na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari da hantsi ya aiko in zo. Na tafi da jawabi a shirye, tun a hanya nake maimaita shi. Na same shi a tabarma, ƙwarya a gabansa, kofin madara a gefe. Ya ɗebo yaji a bakin wuƙa ya miƙo mini, ya ce in lasa in gaya masa gishiri. Na lasa. Idona ya kawo ruwa, na ga dama ta samu, na miƙe tsaye.

"Kawu, ni na cuce ka. Yau zan hau rufin mota in gaya wa duk tasha laifina ne. Zan jefa cokalin nan a kogi da hannuna. Daga yau ni ne harshenka, kullum da safe, ko za a kore ni daga mota, ko cikina zai huje kamar naka, wallahi ba zan..."

Ya kurɓi madararsa, ya goge baki.

"Gishiri na tambaye ka. Ya ji ko bai ji ba?"