Tasalla da Furen Ƙaya

Tasalla matar Mani mai kilishi ce, a unguwar Gawon Nama. Ita ke dama masa labu, wato kwaɓin ƙuli da kayan yaji da ake tsoma nama a ciki. Mace ce mai kafiya, in ta sa abu a gaba sai ta ga ƙarshensa.

Ana saura shekara guda a karɓi mulkin kai, kilishinsu ya fara ba su kunya. Kafin mota ta kai shi Kaduna ya yi gafi, masu saye su dawo da shi. Ran Mani ya ɓaci, ya ce in na bikin 'yancin kai ma ya dawo, zai bar sana'ar ubansa ya tafi Kurmi, can kudu, ci-rani. Tasalla kuwa ta san mazan da suka tafi Kurmi ba duka ke komowa ba, tsoro ya kama ta.

Wata Bafillatana mai kawo man shanu daga Dundaye ta nuna mata wani tsiro a shingen gona, mai faɗin ganye da ƙaya, furensa rawaya. Ta ce ruwan furen ke hana man shanunta lalacewa. Ba ta faɗi yadda ake fitar da ruwan ba, Tasalla kuma ba ta tambaya ba, don wa ya taɓa jin magani ba tafasawa?

Ta tafasa, kilishi ya yi gafi. Ta ƙara wuta, ya yi gafi har da ɗaci. Ta daka ɗanye, ya yi fumfuna. Mani ya ce, “Ke dai ki bar wahal da icce.”

Ranar da za a yi kilishin biki, ta zuba busasshen fure a ruwan randa, kafin ta hura wuta aka aiko maƙwabciya na naƙuda. Can ta wuni. Ta dawo ta tarar nama na jira, ruwa ya rine, ba lokacin dahuwa. Ta dama labu da shi haka nan.

Bayan biki direban motar ya yi sallama da kwando wayam, ya ce Kaduna na son ninki biyu.

Mani ya leƙo cikin gida. “Tasalla, mi kinka yi mai?”

“Ban yi mai komi ba, Malam. Wuta ɗai na hana mai.”

Ya ce ta jiƙa wani furen, gobe da sassafe zai tafi mayanka.